Yayana da Kogon Bakin Teku

Na Allah ne mu duka, kuma Mai abu Ya karɓi abinSa. Yayana, wanda muka fito ciki ɗaya, ya rasu a damunar nan, aka kai shi Tafo, maƙabartar da ya ƙarar da ƙarfinsa yana haƙa wa jama'a makwanci. Allah Ya haskaka nasa.

A da, idan babba ya faɗi a Zongo, tabarma ba ta isa, sai an tare layi an aro benci a masallaci. Na Yaya kuwa, tabarmin gidanmu suka ishe mu har da ragowa. Tun da gwamnati ta ce baƙi su tattara su fita, rabin unguwa a garƙame take. Waɗanda ya binne wa iyaye, waɗanda ya binne wa 'ya'ya, wasu suna Ikko, wasu suna Kano, wasu ba a san inda mota ta zube su ba. Mu da muka rage, zaman makokin ma da kunne ɗaya muka yi shi. Da babbar mota ta taka birki a bakin layi, sai malam ya sassauta murya, kowa ya juya yana kallon ƙofa. Sai ta wuce, sannan a ci gaba da addu'a.

Maƙwabciyarmu mutuniyar Asante, mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan nasu, ta shigo da baƙin zane, hannu a ka, tana kuka irin nasu mai kiran mamaci. Mata suka riƙe ta suna cewa, "Maame, yi haƙuri, mu ba ma yin haka." Ta ce, "Ku ku yi shirunku, ni ba zan iya ba koraa, ko kaɗan. Shi ya taka bayan ɗakina ya ce a haƙa nan, har yau ruwan rijiyar nake sha." Wani kafinta daga Anloga ya ɗauko itacen kabari a kansa, ya ajiye, ya ƙi zama, ya ce idan ya zauna zai yi abin kunya.

Can da rana ta yi, wani tsoho mai fataucin goro ya gyara zama ya ce, "Allah Ya jiƙan mai duwatsu. Yanzu wa zai riƙa gaya mana teku yana gaigayar dutse kamar ɓera da ƙuli-ƙuli?" Maza suka yi dariya, irin dariyar da ake yi a gidan mutuwa don a samu numfashi. Sai muka ji murya daga bayan labule. Matar Yaya ce, wadda duk gida muke kira Inna, tana cikin takaba. Ta ce, "Mai dariya ya fita da ita waje."

Ba su san dalilinta ba. Babu wanda ya san inda muka tafi a ƙarshen azumin bara, domin da muka dawo tsoro ya ɗinke mana baki. Yanzu shi ya tafi inda ɗan sanda ba ya zuwa, to bari in faɗa, kada a tuna shi da dariyar nan kaɗai.

Yaya mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, sai fa in an taɓo ƙasa. Idan ya je wurin da bai sani ba, kafin ya gaida masu gida sai ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza, wani lokaci har ya ɗora a harshe. Aljihunsa kullum cike da tsakuwa. Inna ta sha zazzage su a tsakar gida ranar wanki tana cewa, "Mazan mutane su dawo da nama, nawa ya dawo da dutse. Malam, a miyar kuka zan sa maka ko a ta kuɓewa?" Shi kuwa sai ya bi ya tsince abinsa ɗaya bayan ɗaya. Ko kabari zai haƙa ba ya fara sara sai ya buga dagi, wato sandar ƙarfen nan ta haƙa, ya kasa kunne. Idan aka ce ya yi sauri gawa na jira, sai ya ce, "Bari in ji abin da ke ƙasa tukuna."

A shekarun ƙarfinsa ya taɓa gangarawa bakin teku haƙar rijiyoyi, can yamma, ƙasar Fanti. A nan waɗansu malaman jami'a masu tonon kayan mutanen da suka ɗauke shi aiki a wani kogo, domin sun ga hannun mai haƙar kabari ba ya fasa abin da ya tarar. Ya dawo yana ba mu labari. Ya ce mutanen nan da cokalin magina suke haƙa, da ɗan burushi, su ja zare su kafa turaku, su tankaɗe ƙasa a rariya kamar za a yi tuwo da ita. Ranar farko dariya ta kusa kashe shi. Daga baya shi ne ba ya son a tashi. Abin da suka sani suka gaya masa, abin da hannunsa ya sani ya nuna musu, suka rabu da mutunci. Tun daga nan kogon ya shiga bakinsa bai fita ba. A majalisa, a wurin suna, a kan hanyar dawowa daga jana'iza, sai ka ji shi yana cewa teku ne ya sassaƙa shi. Wani malami ya taɓa tare shi ya ce, "To a shekara nawa ruwa zai huda dutse? Kada ka shiga hurumin da ba naka ba." Yaya ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban ƙidaya ba. Amma Wanda Ya yi ruwan ba sauri Yake yi ba." Suka yi wata guda ba sa gaisawa sai a sahu.

To, sai ga shekarar kora.

Muna cikin azumi rediyo ya faɗa. Mu da aka haifa a nan, uwarmu ma a nan aka yanke mata cibiya, kakanmu ne ya zo da jakunan goro. Amma takarda ba mu da ita, ba a taɓa ce mana mutum yana bukatar takarda ya zauna a ɗakin da aka haife shi ba. Manya suka yi ta zirga-zirga zuwa Manhyia, fadar sarkin Asante, wasu su ce abin bai shafe mu ba, wasu su ce ya shafe mu. Kafin a gama gardama, an kama mijin 'yata a tashar Kejetia da kayan tallansa a hannu, aka jefa shi babbar mota. 'Yata kuwa ba ta daɗe da sauka ba, ko arba'in ba ta hango ba, ga jaririya mace kamar ɗan tsako. Labari yana zuwa daga kan iyaka cewa mutane na jibge a rana, mata na haihuwa a gindin mota, jarirai na mutuwa a bayan uwayensu.

Yaya ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗaki ya dubi yarinyar. Ni yake kira Auta har na yi furfura. Ya ce, "Auta, wannan ba za ta kai kan iyaka ba. Ku ɗaure kaya kaɗan."

Wata mota da ta kawo busasshen kifi daga bakin teku za ta koma wayam, muka shige bayanta, ni da Inna da 'yata da jaririya, aka rufe mu da tamfal. Yaya ya rungume daginsa. Inna ta ce, "Mutane na gudu da zinariya, kai da ƙarfe." Ya ce, "Ke dai riƙe tukunyarki." Duk inda mota ta tsaya sai in toshe bakin jaririya da ɗan yatsa.

A ƙauyen masunta Yaya yana da amini, wani tsoho Bafante, tun zamanin aikin kogo. Shi yana kiran Yaya Kramo, kamar yadda suke kiran Musulmi, Yaya yana kiransa Egya, wato baba. Tsohon ya karɓe mu da hannu biyu, amma fuskarsa ba ta saki ba. Ya ce ana zagayawa ƙauyuka ana leƙa ɗakuna, kuma duk wanda ya ɓoye baƙo shi ma ya shiga uku. Suka dubi juna shi da Yaya. Da hantsi muka bi bayan kwakwa, muka gangara wata hanyar awaki, sai ga teku.

Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Jama'a, ruwa ne da ba shi da ƙetare. Ruwa ne mai tsawa ba hadari. Na zauna a ƙasa ban shirya ba.

Kogon nan na Yaya ɗaki biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, kamar gidan bene. Na ƙasa bakinsa yana kallon ruwa kai tsaye, cikinsa farin yashi sumul. Na sama sai ka fito ka zagaya ta gefe ka hau duwatsu, shi kuwa ƙasansa baƙi ne, toka ce da gawayi da ɓawon katantanwar teku, tuli guda. Nan Yaya ya ce mu sauke kaya.

Yana sauke kayan yana shafa bango kamar wanda ya dawo gidan uwarsa. Ya kama hannuna ya ɗora. Ya ce, "Auta, duba, dutsen nan shimfiɗa-shimfiɗa ne kamar an jera tabarmi. Wannan ta saman ta fi ƙarfe tauri. Wannan ta ƙasan kuwa yashi ne da ya daskare, murza ki ji." Na murza, ya marmashe a yatsana. Ya ce teku ya samu 'yar tsaga a mai laushin, ya riƙa tura ruwa, ya riƙa tura tsakuwa, yana niƙa kamar mace a kan dutsen niƙa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya cinye mai laushin ya bar mai taurin ya zama rufi. Ya nuna mini wani zobe da ya zagaye bango daidai kafaɗata, da ƙananan ramuka birjik inda halittun ruwa suka taɓa zama. Ya ce a wani zamani nan teku yake tsayawa, shi ya sassaƙa ɗakin sama. Sai Allah Ya sa ya ja da baya, ya sauka ƙasa, ya bar wannan a bushe ya kama sassaƙa sabo. "Na sama ya gama da shi, ya sallama wa mutane. Na ƙasa har yanzu a kan aikinsa yake."

Sannan ya tsuguna a gefen ramin da suka taɓa haƙawa shi da malaman jami'a, ya share da tafin hannu. Toka, sai ɓawo, sai jar ƙasa, sai kuma toka da tsingaron tukunya, hawa kan hawa. Ya ce kowane hawa mutane ne da suka zo suka hura wuta suka ci suka tafi, wasu suka zo suka zauna a kan tokarsu. "Mutanen nan sun fi mu sanin ruwan nan. Inda suka bar toka, nan ruwa ba ya zuwa."

Ni dai na gyaɗa kai. Inna kuwa ta riga ta ɗauki tsintsiya, domin mace ba ta shimfiɗa tabarma a inda ba ta share ba. Tana shara tana tsaki. Can sai ta ƙwalla salati ta yar da tsintsiyar. Ƙashi ta tono, dogo, ya yi ja saboda daɗewa.

Ta ce, "Malam, a kushewar arna ka kawo mu? A goman ƙarshe na azumi? A nan zan sa goshina?"

Ya ɗauka ya juya shi ya ce, "Na gada ne. Farauta suka yi."

"Kai ka sani. Kai da kullum cikin gawa kake, hancinka ya mutu."

Ba ƙashin kaɗai ba ne. A ƙuryar ɗakin akwai wani faffaɗan dutse kwance, kuma daga ƙarƙashinsa wani abu yana numfashi. Wallahi numfashi. Ya ja, ya saki, ya ja, ya saki, wani lokaci da ɗan fito kamar na mai ciwon ƙirji. 'Yata ta ƙanƙame jaririya ta ce, "Kawu, akwai wani a nan." Ya ce ba kowa, tsagar nan ce da teku ya fara bi, ta taso daga ƙuryar ɗakin ƙasa ta ɓullo nan. Idan ruwa ya turo iska a ƙasa sai ta fito ta sama. Shi da hannunsa ya ɗora dutsen ranar da suka gama aiki, kada akuya ta faɗa. Hancin kogo yake kiran wurin. Mun ji bayaninsa, amma babu wadda ta yarda ta juya wa dutsen nan baya.

Inna ta ɗauki buzunta ta gangara ɗakin ƙasa ta yi salla a kan farin yashi. Ta dawo fuska a sake. Ta ce wuri tsaf, ko tsinke babu, ko taimama mutum ya yi ya san ya yi da abu mai tsarki.

Yaya ya ce, "Wa kike tsammani yake share miki shi?"

Ta ce, "Allah."

"Allah ne, amma da ruwa Yake sharewa. Teku ba kogi ba ne, Inna. Kogi sai damina yake cika. Shi wannan kullum sai ya cika ya janye, kuma da wata yake tafiya. Yanzu wata ya rabe, shi ya sa ya yi sanyi. Ki bari wata ya mutu ki gani."

Inna ba sakarya ba ce. Ta kafa kara a bakin kogon ƙasa, ta riƙa dubawa. Ruwa ya zo ya lashi gindin karan ya koma. Gobe haka, jibi haka. A garinmu idan ka ga inda ruwa ya tsaya jiya da shekaranjiya, ka san iyakarsa ke nan. Ta ce, "Ga shaidata nan a tsaye. Kai ina taka?" Ya ce salla ta yi inda take so idan ruwa ya janye, amma mai jego da jaririya kada a saukar da su ko da wasa. Ta ce, "To, sarkin teku." Ta riƙa kiransa sarkin teku har wurin buɗa baki.

Kwanaki suka ja. Kullum muna leƙen hanyar awaki, kowane motsi mu ce su ne. Wuta ƙarama muke hurawa kada a hango hayaƙi. 'Yata ta fara tari, toka tana shiga mata maƙogwaro, jaririya ta yi baƙi ƙirin kamar 'yar maƙera. Inna tana kallo tana cizon leɓe.

Ranar da ake sa ran ganin watan salla, Yaya ya bi tsohon masunci ƙauye ya jiyo labari ya samo ɗan garin rogo. Bayan azahar Inna ta ce, "Yarinyar nan ba za ta shiga salla cikin toka ba. Mu sauka ta sha iska mai kyau, a yi wa jaririya wanka, kafin sarkin teku ya dawo mun hau." Ruwa ya janye nesa ƙwarai a ranar, fiye da kullum, har duwatsun da ba mu taɓa gani ba suka fito suna sheƙi. Wa zai ga haka ya ji tsoro? Suka sauka. Ni na tsaya a sama ina dama kunun buɗa baki.

Abin da na fara ji shi ne hancin kogo ya sauya murya. Numfashi ya koma huci, huci ya koma gurnani. Sai ga feshin ruwa yana fitowa ta gefen dutsen, ya sauka mini a ƙafa, sanyi ƙalau. Na fita da gudu na leƙa ƙasa. Babu kara. Babu yashi. Babu bakin kogo ma, sai farar kumfa tana tafasa, ta ɗan sauka in hango baƙin rami, wani raƙumin ruwan ya zo ya rufe.

Na yi ihu, teku ya haɗiye ihun. Na koma na kwanta a kan dutsen nan da nake tsoro, na sa bakina a tsagar ina kiran 'yata. Can ƙasa, kamar daga cikin rijiya, na ji ta. "Mma! Mma, ruwa ya kai mana ƙugu!" Na ji Inna tana kalmar shahada da ƙarfi. Kukan jaririya ne ban ji ba. Na kama dutsen ina ja har farcena ya ɓalle, ko motsi bai yi ba.

Allah Ya sa tsohon masunci ya dubi ruwa daga ƙauye ya ga irin cikar da yake yi. Sai ga su a guje, tsofaffi biyu, shi da igiyar jirgi a kafaɗa yana ihu, "Kramo, nsu! Ruwa, ruwa!" Yaya ya dubi ɗaki ya ga ni kaɗai. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauki dagi ya soka a ƙarƙashin dutsen, ya sa wani dutse ya tokare, muka danna mu uku. Dutsen ya mirgina. Iska ta bugo mu da warin gishiri.

Ramin bai fi faɗin bakin randa ba. Masunci ya ce shi zai shiga, shi ya san ruwa. Yaya ya ce, "Egya, kai ka san ruwa, ni na san ramin. Akwai inda yake karkata, in ba ka sani ba za ka maƙale." Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙirji, ga azumi a bakinsa, ga shekaru. Ya ce, "Auta, idan na ja sau biyu ku ja." Ya yi bisimilla ya zura ƙafa, ƙasa ta haɗiye shi.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Duk sanda raƙumin ruwa ya shiga ƙasa sai ramin ya yi aman kumfa a fuskarmu, in ce shi ke nan. Sai igiya ta motsa. Muka ja. Abu mara nauyi ya taso, ƙunshin zane, jaririya ce a ciki. Jikinta sanyi kamar kifi, leɓenta ya yi shuɗi, ido a rufe. Masunci ya daka mini tsawa, "Maame, ajiye, ja igiya!" Na kwantar da ita na koma. Muka jawo 'yata, duk ta kurje, tana aman ruwa. Muka sake jefa igiya.

Sai muka ji su suna faɗa. A cikin wannan halin, wallahi, faɗa suke yi.

"Malam, kai ka fara hawa, ni na jawo."

"Ɗaga hannu in ɗaura miki."

"Na ce ba zan hau in bar ka ba!"

"Shekara nawa kina musu da ni, yau ɗaya ki bar mini. Ɗaga hannu."

Inna mace ce mai jiki. Ta maƙale a inda ramin ya karkata, muna ja daga sama, shi yana turawa da kafaɗa daga ƙasa. Tana fitowa wani ruwa ya shigo wanda ya fi na baya duka, har kogon ya girgiza a ƙarƙashin gwiwoyinmu. Muka jefa igiya, shiru. Muka kira, shiru. Inna ta zura kai cikin ramin tana kiransa da sunansa na yanka, sunan da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba tun ranar da aka kawo ta gidanmu. Can igiya ta yi nauyi. Ba a ja sau biyu ba, amma muka ja. Ya fito da jini a baki, hannu ɗaya a naɗe da igiya, ruwan ya maka shi da bango ya karya masa haƙarƙari.

Maganarsa ta farko, "Yarinyar fa?"

Na waiwaya. Tana nan inda na ajiye ta, ba motsi. Babu busasshen zane ko ɗaya, duk sun jiƙe. Sai na ture tukunyar kunu, na kwashe garwashi gefe, na tona tokar murhu mai ɗumi, na kwantar da ita a ciki tsirara, ina tara mata toka a jiki ina murza ƙirjinta. Inna ta rarrafo ta zauna dirshan a cikin tokar da take ƙyama, ta kama ƙafafun tana hura musu iska. Muna murzawa, muna kiran Allah. 'Yata ta juya fuska bango.

Sai yarinya ta yi atishawa. Ta yi ta biyu. Sannan ta buɗe baki ta tsala kuka.

Yaya yana jingine da bango, ya rufe ido ya ce, "Alhamdu lillahi. Inna, a ba ni ruwa, rana ta faɗi ko?" Ta kawo masa da hannu biyu, ta durƙusa. Ya kurɓa ya dube ta ya ce, "Karanki fa? A je a ɗauko?" Ta fashe da kuka, shi kuma dariya ta taso masa, ciwo ya hana ta fita.

Haƙarƙarin nan bai koma daidai ba. Da ƙura ta lafa muka dawo Zongo, ya riƙa tari, dagi ya gagare shi ɗauka, damina na sauka ya kwanta. Jikata kuwa ga ta nan tana rarrafe, tana jan mayafin masu zuwa gaisuwa. Ubanta bai sake ganinta ba tukuna, amma an aika masa cewa tana raye.

Ranar da za mu bar kogon, mun ɗaure kaya, masunci yana jira a kan hanyar awaki. Inna ta ɗauki tsintsiya, domin ba a barin wurin da aka zauna da datti. Ta sunkuya za ta fara daga murhu. Yaya yana dafe da ƙirji ya ce, "Bar shi."

Ta ce, "Malam, a ce Hausawa sun zauna sun bar ƙazanta?"

Ya ce, "Ba mu ne na ƙarshe da za a kora ba. Wata rana wata za ta zo da jariri a hannu, ba ta san teku ba, ba ta da mai gaya mata. Ki bar mata ta ga inda muka hura wuta."

Inna ta tsaya da tsintsiya a hannu. Sannan ta koma ta kwaso ɓawon katantanwar da muka ci, da fasasshen kaskonmu, ta zuba a kan tokar, ta tattake da ƙafa don kada iska ta kwashe.

Ya Allah, bawanKa ne ya zo, wanda ya shiga rami domin wasu su fito. Ka yalwata masa nasa, Ka sa ya yi masa ɗumi, kada Ka bar shi cikin tsoro. Amin.